Yadda Ake Bibiyar Tseren Formula 1 Daga Juma'a Zuwa Lahadi, Tare da Misalin Silverstone

Mafi yawan waɗanda suke fara kallon tseren motoci na Formula 1 suna kunna talabijin ne ranar Lahadi kawai, su bi motar da ke kan gaba da ido na tsawon sa'a ɗaya da rabi, sannan su tashi suna ganin ba abin da ya faru illa zagaye da ƙarar inji. Kuskuren yana wajen inda aka zuba ido, domin rabin tseren ba ya fitowa a hoton motar da ke gaba, yana cikin lambobin da ke gefen allo da launin tayar da kowane direba ya ɗaura. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, to a wannan wasa Lahadin ce ake ganewa tun daga Juma'a. Zan bi matakan ɗaya bayan ɗaya, ina kafa misali da filin Silverstone na Ingila, inda aka yi tseren farko na gasar duniya a ranar 13 ga Mayu, 1950, wanda Giuseppe Farina ya ci da motar Alfa Romeo.

Mataki na farko: duba jadawali tun tsakiyar mako

Abin da za ka fara tabbatarwa shi ne wane irin mako ne ake shiga, domin iri biyu ne. A makon da aka saba, ana yin gwaji sau uku, kowanne na sa'a ɗaya, biyu ranar Juma'a ɗaya kuma ranar Asabar, sai a yi tantancewar neman gurbin tashi da yammacin Asabar, sannan babban tsere ranar Lahadi. Iri na biyu shi ne makon da ake haɗawa da gajeren tsere na kimanin kilomita 100, wanda za ka ga an rubuta Sprint a jadawali, kuma a Silverstone aka fara gwada shi a 2021. A irin wannan mako gwaji ɗaya tak ake yi ranar Juma'a, daga nan sai tantancewar gajeren tseren, washegari a yi shi kansa gajeren tseren, da yamma kuma a yi tantancewar babban tsere. Shida daga cikin wasannin shekara ne ake yi wa wannan tsari, kuma wanda bai duba ba zai wayi gari ya tarar an riga an raba maki ranar Asabar ba tare da shi ba.

Bayan haka sai ka mayar da lokutan zuwa agogon garinku. A watan Yuli, lokacin da aka saba yin tseren Silverstone, agogon Ingila ɗaya yake da na Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, saboda haka idan an ce za a tashi ƙarfe uku na yamma, ƙarfe ukun ne a Kano da Damagaram, ƙarfe biyu a Kumasi, ƙarfe huɗu a Khartoum. Sauran wasannin Turai, irin su na Monza a Italiya da na Spa a Beljiyam, galibi suna farawa ƙarfe uku a can, wato ƙarfe biyu a Najeriya da Nijar. Na Ostireliya da Japan da asuba ko da sanyin safiya suke kamawa, na nahiyar Amurka kuma galibi da yamma ko da dare. Kada ka ɗauka ko yaushe Lahadi ce: na Las Vegas daren Asabar ake yin sa a can, kuma a 2024 an yi na Bahrain da na Jidda ranar Asabar domin a gama kafin shigowar azumin Ramadan. Tseren ƙarfe uku yana cin karo da sallar La'asar, don haka yana da kyau ka tanadi hanyar da za ka iya tsayar da hoton ko ka koma baya idan ka dawo.

Shekaru da dama tashar SuperSport da ke DStv ce take nuna gasar a ƙasashenmu masu amfani da Turanci, Canal+ kuma a masu amfani da Faransanci, amma ka duba jadawalin tashar a makon da ake ciki. Ka kuma sauke manhajar Formula 1 a wayarka saboda allon lokacinta, domin a kansa ne yawancin abin da zan bayyana a ƙasa yake bayyana.

Mataki na biyu: san filin kafin motoci su fito

Ka nemi taswirar filin, sannan ka kalli faifan zagaye ɗaya da aka ɗauka daga kyamarar da ke bisa kan direba, sau biyu ko uku, har sai ka iya gane inda mota take daga ganin hoto. Silverstone tsohon filin jiragen yaƙi ne na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, tsawonsa kilomita 5.891, yana da kwana 18, kuma ana zagaya shi sau 52. Adadin zagayen ya samo asali ne daga dokar da ta ce a yi mafi ƙarancin zagayen da zai wuce kilomita 305, in ban da Monako, inda ake tsayawa a kimanin kilomita 260 saboda ƙuncin titunanta.

Ba sai ka haddace kwana 18 ba. Ka riƙe wurare huɗu. Na farko shi ne Brooklands, a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanyar Wellington, na biyu kuma Stowe, a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanyar Hangar, kuma a waɗannan biyun aka fi wuce mota, domin wucewa tana yiwuwa ne a inda aka yi dogon gudu sannan aka taka birki. Na uku shi ne Copse, kwanar dama da ake shiga da gudun da ya haura kilomita 250 a sa'a, inda Lewis Hamilton da Max Verstappen suka gogi juna a zagayen farko na 2021, motar Verstappen ta daki shinge da ƙarfin da aka auna ya kai 51G, wato ninki 51 na ƙarfin da ke jan abu zuwa ƙasa. Na huɗu shi ne jerin Maggotts da Becketts da Chapel, inda mota take karkata hagu da dama a jere ba tare da sassauta gudu sosai ba. A ganina babu inda ya fi nan nuna bambancin mota mai kyau da marar kyau, domin motar da ta zauna daidai za ka ga ta bi layin a sumul, wadda ba ta zauna ba kuma za ka ga direban yana ta gyara sitiyari. Filin a shimfiɗe yake ba abin da ke tare iska, don haka idan masu sharhi suka ce iska ta juya, ka sa ran ganin kurakurai.

Mataki na uku: karanta gwajin Juma'a yadda ya kamata

Kafin ka fahimci gwaji, sai ka san tayoyi. Kamfanin Pirelli ne kaɗai yake samar da su tun 2011, kuma a kowane mako yana kawo nau'i uku na busasshiyar kwalta, waɗanda ake bambanta su da launin zoben da ke gefensu. Mai jan zobe ita ce mai laushi, ta fi kama kwalta da sauri amma tana saurin cinyewa. Mai farin zobe ita ce mai tauri, tana jure dogon zango amma sai ta ɗau zafi kafin ta ba da gudu. Mai ruwan ɗorawa tana tsakiya. Idan an yi ruwa akwai mai koren zobe ta jiƙaƙƙiyar kwalta, da mai shuɗin zobe ta ruwa mai yawa. A makon da aka saba, kowane direba yana da saiti 13 na busasshiyar kwalta, takwas masu laushi, uku matsakaita, biyu masu tauri, kuma duk saitin da ya ƙona a gwaji ya rage masa abin da zai zaɓa ranar Lahadi.

Yanzu ga abin da za ka kiyaye: jerin sunayen da ake nunawa a ƙarshen gwaji ba ya nuna wanda ya fi sauri a gaskiya. Ba wanda ya san yawan man da ke cikin kowace mota sai ƙungiyarta, kuma mota mai cikakken tanki tana iya yin jinkirin sakan biyu ko uku a zagaye idan aka kwatanta ta da wadda aka zuba wa kaɗan. Wasu ƙungiyoyin kuma sukan rage ƙarfin inji da gangan. A gwajin farko za ka ga motoci ɗauke da wasu raga-raga na ƙarfe a bayan tayoyin gaba, ko an shafa musu wani koren fenti mai tsiyaya a jikin fiffike, wato farantin da ke gaba da bayan mota wanda iska ke bi ta danne ta a ƙasa. Waɗannan na auna yadda iska ke bin jikin mota ne, kuma lokacin da aka yi da su ba abin dogaro ba ne. Wani lokaci ma za ka ga baƙon suna a jerin, domin doka ta wajabta wa ƙungiyoyi su bai wa sababbin direbobi dama a wasu gwaje-gwajen.

Gwaji na biyu shi ne mai amfani, kuma kashi biyu ake raba shi. Wajen tsakiyarsa kowa yana ɗaura taya mai laushi da man fetur kaɗan ya yi zagaye ɗaya da iyakar ƙarfinsa, wanda yake ba ka hasken yadda Asabar za ta kasance. A minti ashirin na ƙarshe kuma sai a cika tanki, direba ya yi zagaye takwas ko goma a jere kamar yana cikin tsere. A nan ne za ka ɗauki biro da takarda. Ka zaɓi direbobi huɗu ko biyar, ka rubuta lokacin kowane zagaye da launin tayarsu, ka zubar da zagayen da cunkoso ya ɓata, sannan ka duba abu biyu: wa ya fi ƙarancin lokaci idan aka daidaita, kuma lokacin wa yake ƙaruwa da sauri daga zagaye zuwa zagaye. Direban da ya fara da sauri amma lokacinsa yake ƙaruwa da kashi biyu cikin goma na sakan a kowane zagaye yana cin tayarsa, kuma ranar Lahadi zai riga kowa shiga gareji domin sauya taya. A Silverstone tayar gaba ta hagu ce ta fi wahala saboda kwanonin dama masu gudu, kuma ita ce ta fashe wa Valtteri Bottas da Carlos Sainz da Hamilton a ƙarshen tseren 2020, inda Hamilton ya ƙarasa zagayen ƙarshe a kan tayoyi uku kuma ya yi nasara a haka.

Mataki na huɗu: tantancewar Asabar

Gwaji na uku ba ya buƙatar dogon bayani, gyaran ƙarshe ne kafin tantancewa, kuma idan lokaci ya ƙure maka shi ne wanda za ka iya bari ya wuce.

Tantancewa kashi uku ce, Q1 da Q2 da Q3. A kashin farko, mai minti 18, kowa yana fita, kuma waɗanda suka fi jinkiri su fice. A na biyu, mai minti 15, a sake zubar da wasu, har a rage goma da za su fafata a kashi na uku, wanda ya fi kowanne gajarta. Lokacin da motoci suke 20, biyar-biyar ake zubarwa, amma da shigowar ƙungiyar Cadillac a 2026 motocin suka zama 22, sai ya koma shida-shida. A farkon kowane kashi ana share lokutan baya, don haka saurin da direba ya yi a Q1 ba ya bin sa zuwa Q2.

An raba kowane fili gida uku, kuma launin da ke fitowa kusa da sunan direba yana gaya maka yadda ya yi a kowane gida: launin shunayya yana nufin ya fi kowa, kore yana nufin ya fi nasa na baya, ruwan ɗorawa kuma yana nufin bai kai nasa na baya ba. A Q1 da Q2 ka bar kallon saman jerin, ka zuba ido a kan layin da ya raba masu tsira da masu ficewa, musamman a minti biyu na ƙarshe. Dalili kuwa shi ne kwalta tana ƙara kamawa gwargwadon yadda motoci suke shafa mata roba, don haka kowa yana son ya zama na ƙarshen fita, amma wanda ya yi jinkiri da yawa yana iya faɗawa cunkoso, ko wani ya yi haɗari a gabansa a ɗaga tuta zagayensa ya lalace. Duk wanda ya tsallaka layi kafin agogo ya kai sifiri yana da damar ƙarasa zagayen da ya fara, shi ya sa jerin yake ci gaba da sauyawa bayan lokaci ya cika. Haka kuma, idan tayoyi huɗu suka fita daga farin layin da ke gefen hanya, ana soke lokacin wannan zagayen.

Akwai wata doka da ba a gani a hoto amma tana da nauyi ƙwarai. Daga lokacin da mota ta fita tantancewa, an kulle tsarinta ke nan, ba a yarda a sauya fiffiken baya ko tsayinta daga ƙasa ko makamantansu ba sai 'yan gyare-gyare ƙalilan, kuma ƙungiyar da ta karya wannan sai motarta ta tashi daga layin gareji, wato hanyar gefe da ake bi a shiga sauya taya. Ma'ana, zaɓin da aka yi ranar Asabar da shi za a kwana har Lahadi. A 2025 ƙungiyar Red Bull ta sa wa Verstappen siririn fiffiken baya domin ya samu gudu a miƙaƙƙiyar hanya, kuma da shi ya samu gurbin farko a Silverstone, amma da ruwa ya sauko ranar Lahadi motar ta rasa abin da zai danne ta a ƙasa, ta juya da shi, ya ƙare a na biyar. Saboda haka da zarar an gama tantancewa ka duba hasashen yanayin gobe, ka kuma duba ko akwai wanda aka mayar baya saboda ya wuce adadin kayan injin da aka yarje masa ko ya tare wa wani hanya, domin jerin tashi na Lahadi ba lallai ya zama daidai da sakamakon Asabar ba.

Mataki na biyar: ranar tsere

Ka zauna minti goma kafin lokaci. Abu na farko da za ka nema shi ne tayar da kowa ya tashi da ita, wadda ake nunawa da zarar an cire barguna masu ɗumama tayoyi. Wanda ya tashi da mai laushi yana neman cin gurabe a zagayen farko ne, wanda ya tashi da mai tauri kuma yana shirin daɗewa a waje da fatan wani abu zai faru. Motocin za su yi zagaye ɗaya a hankali suna karkaɗa hagu da dama domin tayoyi su ɗau zafi, su dawo su jeru, sai jajayen fitilu biyar su kunnu ɗaya bayan ɗaya, kuma mutuwarsu gaba ɗaya ita ce alamar tashi. A zagayen farko aka fi sauya gurabe kuma aka fi yin haɗari. A 2022, tun kafin kwanar farko ta Silverstone, motar Zhou Guanyu ta kife ta yi ta jan ƙasa har ta tsallake shingen tayoyi, kuma ƙarfen nan da ke kewaye da kan direba, wanda aka wajabta tun 2018, yana cikin abin da ya sa ya fito lafiya.

Bayan zagaye uku ko huɗu, idan ƙura ta lafa, sai ka koma ga jerin da ke gefen hagu na allo. Lambar da ke gaban kowane suna tana nuna tazara a sakan, wani lokaci tsakaninsa da na gaba da shi, wani lokaci tsakaninsa da jagoran tsere, don haka ka lura da wacce ake nunawa. Tazarar da ta fi muhimmanci ita ce sakan ɗaya. Daga 2011 zuwa 2025, direban da ya matso ƙasa da sakan ɗaya yana iya buɗe fiffikensa na baya a wasu wurare domin ya ƙara gudu. Daga 2026 tsarin ya sauya: kowace mota tana kwantar da fikafikanta a miƙaƙƙiyar hanya, shi kuma mai bi a cikin sakan ɗaya ana ba shi damar jan ƙarin wuta daga batir. Tun da kusan rabin ƙarfin motocin yanzu daga lantarki yake, direban da ya ƙarar da batirinsa wajen wuce wani yana iya ganin an sake wuce shi a miƙaƙƙiyar hanya ta gaba.

Daga nan sai babban lissafin tsere. An hana ƙara mai a tsakiyar tsere tun 2010, amma doka ta ce idan kwalta a bushe take dole kowane direba ya yi amfani da nau'in taya biyu mabambanta, wato dole ya tsaya aƙalla sau ɗaya. Sauya tayoyin kansa ba ya wuce sakan biyu zuwa uku a hannun kanikawa kimanin ashirin, kuma ƙungiyar McLaren ta taɓa yin sa cikin sakan 1.80 a Katar a 2023. Asarar ta gaskiya tana cikin layin gareji, inda galibi ba a wuce kilomita 80 a sa'a, har jimillar abin da direba yake rasawa ta kai sakan 20 ko ɗan fiye. Wannan lambar ita ce ma'auninka. Ka ɗauki direban da kake bi, ka ƙirga sakan 20 zuwa baya a jerin, ka ga wa ke wurin. Idan wurin fili ne, ƙungiyarsa tana iya kiransa a kowane lokaci. Idan kuwa akwai ayarin motoci uku ko huɗu masu jinkiri, za su bar shi a waje ko da tayarsa ta fara gajiya, domin fitowa a bayan ayari ya fi tsohuwar taya illa.

Idan direba ya kasa wuce na gabansa a kan hanya, dabarar da aka fi yi ita ce ya riga shi shiga gareji. Da sabuwar taya zai yi zagaye ɗaya ko biyu da saurin da ya fi na abokin hamayyarsa, wanda har yanzu yake kan tsohuwa, ta yadda idan shi ma ya shiga ya fito sai ya tarar an wuce shi. Saboda haka duk lokacin da ka ga tazarar motoci biyu ba ta wuce sakan biyu ba kuma lokacin sauya taya ya gabato, ka sa ido a kan kanikawa, ka kuma saurari rediyon da ke tsakanin direba da injiniyansa. Ruwan sama yana ninka wannan lissafi. A Silverstone a 2024, da ruwa ya sauko McLaren tana da motoci biyu a gaba, ta shiga halin gaba kura baya sayaki: ko ta kira su tare ɗaya ya jira a bayan ɗaya, ko ta bar ɗaya a waje. Ta bar Oscar Piastri ya ƙara zagaye guda a kan tayar busasshiyar kwalta, kuma a wannan zagayen ya yi asarar damar nasara. Da kwalta ta bushe kuma, Hamilton ya riga Lando Norris shiga da zagaye ɗaya, ya fito a gabansa, ya ci nasararsa ta tara a filin.

Mataki na shida: tutoci, motar tsaro da hukunci

Tuta mai ruwan ɗorawa tana nufin akwai haɗari a gaba, a rage gudu kuma ba a wuce kowa; idan biyu ake kaɗawa, haɗarin ya fi girma. Koriya tana nufin hanya ta buɗe. Shuɗiya ana nuna ta ga wanda ake shirin yi wa zagaye, domin ya ba da hanya. Mai rabi baƙi rabi fari gargaɗi ce, ja kuma tana tsayar da tsere gaba ɗaya, kowa ya koma layin gareji, inda aka yarda a sauya taya ba tare da asarar komai ba.

Idan ana buƙatar kwashe mota ko tarkace, ana fito da motar tsaro ta shiga gaba, kowa ya jeru a bayanta, duk tazarar da jagora ya tara ta narke. Akwai kuma tsarin da za ka ga an rubuta VSC, wanda aka kawo a 2015 bayan haɗarin direba Jules Bianchi a filin Suzuka na Japan, inda ba motar da ke fitowa amma ake tilasta wa kowa ya rage gudu daidai wa daida. A duka biyun, shiga gareji yana yin arha, kusan rabin asarar da aka saba, tun da waɗanda ke waje ma a hankali suke tafiya. Da ka ga alamar, ka duba waɗanda ba su tsaya ba tukuna, domin su ne suka tsinci dami a kala.

Alƙalan tsere suna yanke hukunci ana cikin gudu, galibi na sakan 5 ko 10. Direba yana biyan sa ne idan ya shiga gareji, motar ta tsaya ba wanda ya taɓa ta har lokacin ya cika, idan kuma ba zai sake tsayawa ba sai a ƙara a kan lokacinsa na ƙarshe. Don haka wanda ke gaba a hoto yana iya kasancewa a baya a lissafi. A 2025 Piastri yana jagorancin tseren Silverstone aka ci shi tarar sakan 10 saboda birkin da ya taka da ƙarfi a bayan motar tsaro, kuma wannan ne ya miƙa wa Norris nasara. A tseren nan dai Nico Hülkenberg ya taso daga gurbi na 19 ya ƙare na uku da motar Sauber, karonsa na farko a kan dandamalin da ukun farko suke hawa, a tserensa na 239, kuma wanda yake bin jerin gefen allo ya ga yadda sauya taya a kan kari ya ɗaga shi tun kafin kyamara ta waiwaye shi.

Mataki na bakwai: bayan an kaɗa tutar ƙarshe

Goma na farko ne suke samun maki: 25, 18, 15, 12, 10, 8, 6, 4, 2 da 1. A gajeren tsere kuma takwas na farko ne, daga maki 8 zuwa 1. Ana tara makin a gasa biyu, ta direbobi da ta ƙungiyoyi, kuma matsayin ƙungiya a ƙarshen shekara shi ne yake yanke rabonta na kuɗin gasa, shi ya sa faɗan da ake yi a kan gurbi na tara da na goma ba wasa ba ne. Norris ya zama zakaran 2025 ne da maki 423, Verstappen yana da 421.

Kada ka rufe lissafinka da ganin an ɗaga kofi, domin sakamakon da aka fara nunawa na wucin gadi ne. Ana auna nauyin mota da na direba, ana ɗibar samfurin mai, ana kuma duba katakon da ke ƙarƙashin motar ko ya cinye fiye da ƙima. A Hungary a 2021 an ƙwace wa Sebastian Vettel matsayi na biyu saboda ba a samu lita ɗaya ta mai a tankinsa ba. A Beljiyam a 2024 George Russell ya tsallaka layi a na farko, amma aka tarar motarsa ta gaza nauyin doka da kilo ɗaya da rabi, nasarar ta koma hannun Hamilton. Hukumar FIA mai kula da gasar tana wallafa takardun alƙalai a shafinta na intanet cikin 'yan sa'o'i bayan tsere, kuma a can za ka ga sakamako na ƙarshe tare da duk hukuncin da zai bi wani direba zuwa jerin tashi na tsere mai zuwa.